Shaida Kafin Gani

Masu shirya fim na ƙasar Indiya suna da wata al'ada wadda ba su cika saɓa mata ba, watau su kan saki waƙoƙin fim tun fim ɗin bai fito ba. Sai a yi makonni, wani lokaci har watanni, waƙa tana yawo cikin duniya ita kaɗai da 'yar rawarta, labarin da aka tsara ta dominsa kuwa yana can kulle, ba wanda ya gan shi sai masu shi. A da faifan garmaho da rediyo su ke wannan aiki, daga baya kaset ya karɓe su, yau kuwa wayar hannu ce ta gaje su duka. Saboda haka in an saki waƙa da hantsi a Mumbai, kafin a kira la'asar ta riga ta iso Haɗeja, ta ƙetara Auyo da Kafin Hausa, ta kai Guri da Kiri Kasamma. Da dare ya yi sai a tarar an baje ta a teburin mai shayi, da shagon masu cajin waya, da gindin bishiyar da masunta ke ɗinkin komarsu, kowa yana faɗin albarkacin bakinsa.

Masu maganar nan sun kasu kashi uku. Na farko su ne masu so. Waɗannan tun kiɗa bai kai rabi ba sun yanke cewa ba a taɓa yin fim kamar wannan ba, in kuwa wani ya yi musu gardama sai su dube shi kamar ya zagi iyayensu. Na biyu su ne tsofaffin 'yan kallo, waɗanda suka tashi da muryar Mohammed Rafi da Lata Mangeshkar. Su abin da su ke cewa shi ne Indiya ta lalace, an bar waƙa an koma hayaniya, an bar rawa an koma tsalle-tsalle irin na Turawa, don haka fim ɗin ma ba abin da zai tsinana. Na uku su ne masu ƙi, waɗanda ba ruwansu da daɗin kiɗa ko rashinsa. Su dai sun ga mace tana juyi, ko kuwa an ba su labari, sun ce fim ɗin fasiƙanci ne daga farko har ƙarshe, duk mai jiransa kuwa ɗan iska ne. Kashin nan uku ba su yarda da juna a kan kome ba, amma abu guda ya tara su, shi ne ba ko ɗaya daga cikinsu da ya ga fim ɗin.

To, shin ya dace mutum mai mutunci ya yabi abu ko ya kushe shi, alhali kuwa bai ga kome daga cikinsa ba sai ɗan abin da mai shi ya ga dama ya nuna? Wani zai ce zancen fim ai wasa ne, bai kai a zauna a kansa ba. Amma fa harshen da ya saba yanke wa fim hukunci ba tare da gani ba, shi ne dai harshen da gobe zai yanke wa maƙwabci, ko 'yar maƙwabci. Ban da wannan ma, sau nawa wa da ƙane su ke kwana ba sa ga maciji da juna, ko uba ya fasa wayar ɗansa, duk a kan waƙar minti huɗu?

Kafin a shiga amsa ya kamata a san yadda baƙon nan ya shigo. A shekarar 1937 aka buɗe sinimar Rex a Kano, a 1952 kuma aka buɗe Palace cikin birni. 'Yan kasuwa mutanen Labanan, waɗanda a ke kira Kwara, su ke da gidajen, sun kuwa gwada fina-finan ƙasashe da dama, amma ba wanda ya shiga ran Hausawa kamar na Indiya. Hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Nguru, wadda aka gama a 1930, ta ratsa ta Malam Madori, saboda haka mutumin ƙasar Haɗeja da fatauci ya kai Kano ya kan komo gida da labari a bakinsa. Ba kuwa abin mamaki ba ne da labarin ya zauna. Fim ɗin Mother India na 1957 zancen wata manomiya ne wadda mai ba da bashi da ruwa ya cinye gonarta, ambaliya kuma ta zo ta share abin da ya saura. Mutumin da ya ke noma a fadamar Kogin Haɗeja ba ya bukatar tafinta kafin ya gane wannan.

Sannu a hankali baƙo ya zama ɗan gida. Aka raɗa wa 'yan wasan sunaye na Hausa: Dharmendra ya zama Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt ya zama Ɗan Daba Mai Lasin. Masu bege da bandiri a Kano, irin su Ushaƙu Indiya, suka riƙa ɗaukar karin waƙoƙin suna ɗora musu yabon Annabi. Sa'ad da Hausawa suka fara nasu fim na bidiyo, tun daga Turmin Danya a 1990, ba a daɗe ba waƙa da rawa suka bi su. Daga baya kuma aka shiga juya fina-finan Indiya da harshen Hausa. Ashe gardamar teburin mai shayi ta girmi masu yin ta.

Ita kuwa waƙa a fim ɗin Indiya tun ran gini tun ran zane. Alam Ara, fim ɗinsu na farko mai magana, wanda ya fito a 1931, yana da waƙa 7, Indrasabha kuma na 1932 ya tara wajen 70. Aikin waƙa a wurinsu shi ne ta faɗi abin da kunya ta hana baki faɗi, kamar yadda 'yammata ke saka maganar zuciyarsu cikin waƙar gaɗa a dandali. Watau ke nan ma'anarta tana rataye da wurin da aka ajiye ta cikin labari. A kan sa rawa don a nuna murnar aure, a kan kuma sa ta a gidan azzalumi don a nuna lalacewarsa. Cikin Sholay na 1975 akwai inda Hema Malini ta ke rawa gaban 'yan fashi. Wanda aka yanko masa wurin nan kaɗai zai ce ga mace marar kunya tana rawa a taron maza. Wanda ya ga fim ɗin kuwa ya san tilasta ta aka yi, an ɗaure masoyinta an ce in ta tsaya za a harbe shi, har aka fasa kwalabe a ƙarƙashin ƙafafunta ba ta tsaya ba. Rawa ɗaya ce, amma mai ganin yanki ya ga rashin kunya, mai ganin duka ya ga amana.

Wanda ya taɓa zama a majalisar Alƙali ya san ba kowace magana ce shaida ba. A mazhabar Maliki, wadda alƙalan ƙasar nan ke hukunci da ita, asalin shaida shi ne mutum ya faɗi abin da idonsa ya gani, ko kunnensa ya ji daga bakin mai maganar. Shaidar "an ce" ba a karɓarta sai a wurare ƙididdigaggu, kamar mutuwa da dangantaka da daɗaɗɗen aure. Sa'an nan ba a karɓar shaidar uba ga ɗansa, ko ta miji ga matarsa, domin so hana ganin laifi. Haka kuma ba a karɓar ta maƙiyi a kan maƙiyinsa, domin wanda ba ya son ka ko ruwa ka shiga sai ya ce ka ta da ƙura. Ba wai an ɗauke su maƙaryata ba ne. Sau da yawa sun gaskata abin da su ke faɗi har cikin ransu, sai dai an san zuciya ta riga ido isa wurin.

To, yabo shaida ne, kushe ma shaida ne, domin duk wanda ya ce abu kaza yana da kyau ko ba shi da kyau, so ya ke a yarda da shi a yi aiki da maganarsa. In aka gwada kashin nan uku da ma'aunin Alƙali, ba wanda zai haye. Mai so yana matsayin uba ga ɗansa. Sau da yawa ma bai san wanda ya ke yi wa shaidar ba, gama tun wajen 1935 Indiyawa suka fara raba aikin: mai waƙa dabam, mai motsa baki gaban na'ura dabam, mai tsara kiɗa dabam, mai koya rawa dabam. Rawar da ta ɗaga sunan Madhuri Dixit da Sridevi, da yawa daga cikinta Saroj Khan ce ta tsara, amma 'yan kallo nawa suka san da ita? Mai ƙi yana matsayin maƙiyi. Tsohon ɗan kallo kuma, ko da ya ke ya fi su sani, shi ma yana da rabo cikin shari'ar, domin ƙuruciyarsa ya ke karewa. Kiɗan Disco Dancer na 1982, wanda yau a ke lissafa shi cikin na da, a ranar da ya fito ai shi ne sabon yayi mai hayaniya.

Har wa yau akwai abin da ɗan kasuwa ya sani wanda ɗan kallo ya manta. Mai sayen shinkafa a kasuwar Haɗeja ba ya dogara ga 'yar wadda mai buhu ya ɗebo masa daga sama. Shi da kansa zai soka ƙarfe ta gefe, ya soka ta gindi, ya zuba a tafin hannu, ya duba tsakuwa da karyayya, kana ya yi ciniki. Waƙar da a ke saki kafin fim kuwa mai kaya ne ya zaɓe ta, ya ɗebo ta daga inda ya ga dama. Wani lokaci ma a kan ɗauko wata 'yar rawa wadda ba ta da kome cikin labarin, a shirya mata waƙa guda don jan ido kawai. Saboda haka samfurin yana iya ruɗi ta fuska biyu: a sami labari mai hankali da aka yi masa talla da rawar banza, a kuma sami labarin banza da aka lulluɓe da waƙa mai daɗi. Mai kayan kuwa ba abin da ya ke nema sai a yi ta magana, yabo da zagi duk riba ne gare shi. Saurayin da ya ɓata da ɗan'uwansa wajen kare fim, da dattijon da ya bi majalisa majalisa yana tsine masa, dukansu 'yan talla ne marasa la'ada. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Amma akwai magana mai nauyi a ɗaya ɓangaren, ba kuwa adalci ba ne a tsallake ta. Mai gida zai ce, "Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta. Sai na shanye ƙwarya kafin in san nono ya yi tsami? Allah ya ɗora mini kiwon iyalina, in jira sai ɓarna ta shigo ɗaki sa'an nan in ce na gani?" Wannan gaskiya ce, mutanen fadama kuwa sun fi kowa saninta. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan Kogin Haɗeja ya zama abin da a ke jin labarinsa kafin a gan shi. Waɗanda suka ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ba sa bukatar a gaya musu sau biyu. In manomi a Auyo ya ji an ce ruwa ya cika a Wudil, bai yi wauta ba in ya kwashe hatsinsa ya kai tudu tun idonsa bai ga kome ba.

Sai dai manomin nan, duk da ya kwashe hatsi bisa ga ji, ba zai tafi gaban Alƙali ya rantse cewa gonar wane ta nutse ba, sai ya gani. Wannan shi ne bambancin hattara da hukunci. Hattara abu ne da mutum ke yi wa kansa da waɗanda ke ƙarƙashinsa, alama kaɗan ta ishe ta, in kuwa ya yi kuskure ba abin da ya rasa sai kallon dare ɗaya. Hukunci kuwa a kan wani ya ke faɗawa, in an yi kuskure wani ne zai biya da mutuncinsa. Saboda haka mai gida yana da iko ya ce, "Rawar nan da na gani suturarta ba ta kai ba, ba za a kalle ta a gidana ba." Wannan shaida ce a kan abin da ya gani, ta kuwa tsaya. Amma in ya zarce ya ce fim ɗin duka kaza ne, masu jiransa duka 'yan iska ne, 'yar wasan kuma ga abin da ta ke aikatawa a ɓoye, to ya bar gonarsa ya shiga ta wani. Na ƙarshen nan ma ya kusa da ƙazafi, wanda haddinsa bulala 80 ne, nisan ƙasar wadda aka yi wa kuwa ba ya mai da ƙarya gaskiya.

A can Indiya ɗin ma an ga misalin wannan a fili. A 2017 Sanjay Leela Bhansali yana shirya fim a kan Padmini, sarauniyar Chittor, wadda ƙabilar Rajput ke girmamawa. Sai labari ya bazu cewa an sa wani wuri inda a ke nuna ta cikin mafarki tare da Sarkin Delhi Alauddin Khalji. Tun a watan Janairu aka far wa ma'aikata a Jaipur, aka mari mai fim ɗin, ya yi ta musun zancen ba a saurare shi ba. A watan Oktoba aka saki waƙar Ghoomar, sai ƙara ta biyu ta taso, cewa sarauniya ba ta rawa da cikinta a waje. Aka ɗaga ranar fitowa daga 1 ga Disamba 2017 zuwa 25 ga Janairu 2018, aka sauya sunan daga Padmavati zuwa Padmaavat. Ƙarar da aka yi a kan rawar da ido ya gani ta sami gyara, gama an rufe wurin da aka yi kuka da shi. Mafarkin da aka yi ta fashe-fashe dominsa kuwa, da fim ya fito sai aka tarar babu shi ko kaɗan.

Haka kuma a Disamba 2022 aka saki wata waƙa ta fim ɗin Pathaan na Shah Rukh Khan, waɗansu 'yan Hindu suka ce launin tufar da Deepika Padukone ta sa cin mutuncin addininsu ne, aka yi ta kiran a ƙaurace masa. Fim ya fito ran 25 ga Janairu 2023, ya tara sama da Rupi biliyan 10. Yawan kuɗi ba shi ne shaidar kyau ba, amma ya nuna wanda hayaniyar ta yi wa aiki.

Kada kuma a ɗauka cewa maganar nan tana nufin kowane kiɗa da kowace rawa halal ne. Saɓanin malamai a kan kiɗa tsoho ne. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya soki kiɗan banza da cakuɗuwar maza da mata, amma bai haɗa gangar yaƙi da ta shashanci wuri ɗaya ba. Imam Gazali, cikin Ihya'u, ya keɓe babi guda ga sauraron waƙa, ya rataya hukuncin ga abin da a ke faɗi, da halin mai ji, da lokaci, da wuri, da abokan zama. Abin lura shi ne, masu tsanantawa da masu sassautawa dukansu sun rarrabe, sun ce wane kiɗa, a ina, don me. Ko talakan ƙasar Haɗeja bai taɓa ɗaukar gangar noma a wurin gayya, da tambarin Sarki, da algaitar hawan Salla, da kalangun dandali duk abu ɗaya ba. Hukumar Tace Fina-finai da Gwamnatin Kano ta kafa a 2001 ma, ƙa'idar aikinta ita ce a kawo fim a kalla tukuna, sa'an nan a ce a yanke nan, ko a bar can. In hukuma mai iko ta ɗora wa kanta gani kafin magana, ina dalilin wanda ba shi da iko da kome sai harshensa?

Abin da ya dace da mai mutunci ke nan ya auna maganarsa daidai da ganinsa, kada ta fi shi tsawo. Mai so ya ce, "Kiɗan nan ya yi mini daɗi, fim kuwa sai ya fito." Tsohon ɗan kallo ya ce, "Kunnena ya fi sabawa da na da," ya tsaya nan. Mai gida kuma, maimakon fasa waya, ya kira yaron ya ce, "Zo nan, ɗana, nuna mini abin da ka ke kallo." In ya gani bai yarda ba, ya faɗi wurin da bai yarda da shi ba da dalilinsa. Yaron da aka yi wa haka ya fi kusa da ya ce, "To, Baba, na bari," bisa ga wanda aka kira ɗan iska a gaban ƙannensa a kan abin da uban bai ko duba ba. Na farko ya koyi yadda a ke rarrabe abu da kansa, ko uban ba ya nan. Na biyu kuwa abin da ya koya shi ne ɓoye waya.

Fim zai fito, a kalla, a manta, wani ya biyo baya da tasa waƙar. Amma kalmar da aka jefi ɗan'uwa da ita tana nan, ita kuwa magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Masu hikima sun ce hangen Dala ba shiga birni ba ne. Wanda ya hango, ya ce ya hango. Wanda ya shiga, shi ne zai ba da labarin kasuwa. Allah ya tsare harsunan bayinsa daga shaidar abin da ba su gani ba, amin.